Walida, Ki Bar Gaban Kanki Ya Huta

Badarawa, Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Walida 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Akure lafiya, kin samu masauki mai kyau da abokan zama na kirki. Allah Ya tsare min ke a inda kike, Ya raba ki da sharrin mutum da na aljan, Ya sa ki gama bautar ƙasar nan ki dawo mana lafiya. Abbanki yana gaishe ki. Mu nan kowa ƙalau, kuma iyakar labarin gida da za ki samu a takardar nan ke nan, don ba labari na zauna ba ki ba.

Na san za ki ce ga waya, me ya kawo takarda. To na san halinki ne. In na kira ki, "To Mama, to Mama" za ki yi ta jera min, hankalinki na can wani wuri, in gama surutuna ki ce caji ya ƙare. Takarda kuwa sai kin zauna kin karanta ta. Na haɗa ta da ɗan ƙullin kaya na ba direba, kada ki buɗe ƙullin sai kin kai ƙarshen maganata.

Washegarin tafiyarki na shiga ɗakinki in share. Walida, me zan gani? Gashi a gaban madubi, gashi a ƙarƙashin gado, gashi har cikin aljihun madubi. Na duƙa na ɗebo na kai bakin taga na duba. Da dogayen silai ne masu ɗan farin kai a gindi, da ban ce komai ba, wannan kowace mace yana zubar mata. Amma guntaye ne, Walida, guntu-guntu kamar an bi su da almakashi. Wannan ba zuba ba ce, karyewa ce. Ga labulenki kuma, har yau ƙaurin gashi yake yi, na wanke shi bai daina ba. Sai na tsaya riƙe da tsintsiya na ce oh ni Hadiza, yarinyar nan so take ta ƙarasa gaban kanta kamar yadda na ƙarasa nawa.

Kada ki ɗauka ban ga abin da kika yi ranar haɗa kaya ba. Ina kallonki ta gefen ido lokacin da kika naɗe ƙarfen nan naki na miƙar da gashi, wanda kuke kira sitireca, cikin tawul kika tura shi can ƙasan akwati, wai ke mai wayo. Kina fita sayen sabulu na zaro shi na kai kicin na ɓoye bayan buhun shinkafa. Abbanki ya gan ni. Ya sauke jaridarsa ya ce, "Hajiya, mayar mata da kayanta."

Na ce, "Alhaji, ba ruwanka da maganar gashi, kai da wanzami ke kwashe naka duk Juma'a."

Ya ce, "Na ji ba ruwana. Amma in kin ɗauke wannan, tana isa can za ta sayi na bakin titi, wanda ko wurin rage zafi ba shi da shi. Gara wanda kika sani."

Raina ya ɓaci, don gaskiya ya faɗa. Na koma na naɗe shi yadda kika naɗe na mayar. Saboda haka ƙarfen yana hannunki da sanina, ba wai wayonki ne ya yi aiki ba. Tunda ba zan iya raba ki da shi ba, to sai ki zauna ki ji yadda na yi da nawa kan, ko Allah zai sa ki ɗauki wani abu.

Kin san gaban kaina, ba sai na kwatanta miki ba. Kin taso kin ga ɗankwalina kullum a jawo har kusa da gira, har ƙawayenki na cewa Mamanki akwai ɗauri. Ba ɗauri ba ne, rufi ne. Kuma ba haka aka haife ni ba. Lokacin da na fara aikin sakatariya a ma'aikata, in na tsefe kaina sai mataji ya karye. Kakarki Inna, Allah Ya jiƙanta, da karkashi take wanke min shi, ta shafe da man shanu, ta kafa min kitso, sai ta yi ta mita wai hannunta ya gaji. Gashin da kike taƙama da shi yanzu, nawa ne kika ɗauko, kuma nawa ya fi shi cika.

Wautata ta farko a Mando na yi ta, gidan Asabe, wata abokiyar aikina da mijinta ke aiki a barikin sojan sama. Ita ce ta fara zuwa ofis da gashi a kwance luf, ɗankwali a tsakiyar kai, yana sheƙi. Muka yi ta santi. Ta ce ai abu mai sauƙi ne, in zo ranar Asabar. Na je. Ta kunna risho, ta ɗora wani mataji na ƙarfe a kai, ta lafta min man shanu har yana bin wuyana, wai don kada gashin ya ƙone. Da ta ɗora matajin sai na ji cuuu, hayaƙi ya tashi, ɗakin ya game da ƙauri kamar ana babbakar kan rago da Sallah. Na ce, "Asabe, anya kuwa?" Ta ce, "Ke dai zauna, man ne yake shiga." Ni kuma na zauna, don na ga gashin yana miƙewa.

Man ba shiga yake ba, soya gashin yake. Abin da mai yake yi wa albasa a kasko shi yake yi wa gashi in ya haɗu da ƙarfe mai zafi. Saboda haka ki ji ni da kyau. Man shanu, man kaɗe, man kwakwa, duk masu kyau ne, amma ba lokacin da za ki sa ƙarfe ba. Ranar da za ki miƙar da gashi, ki wanke shi tas, kada ki ɗora zafi kan tsohon mai da gumi da datti. Ki shafa kwandishina ki bar ta ta jiƙa shi sosai kafin ki ɗauraye. Sannan akwai ɗan mai na feshi da ake yi musamman don kare gashi daga zafi, shi za ki fesa kaɗan, ki bi da mataji ya ratsa ko'ina. Na san kina da shi, na ga kwalbar a kan madubinki, a cike, ko ledar bakinta ba ki ɓare ba. Kin saya don ado ne? Ita ma tana cikin ƙullin. Mai nauyi kuma sai bayan kin gama, gashin ya huce, ki ɗan shafa a bakinsa. Kuma duk sanda kika ji ƙara ko kika ga hayaƙi, ki ajiye ƙarfen. Duk wadda ta ce miki man ne yake shiga, ki ce ina gaishe ta.

Wauta ta biyu, tsere da masu wuta. Bayan an yi aurena mun tare a nan Badarawa, sai aka fara shigo da ƙarfen miƙar da gashi na lantarki, da handiraya mai hura iska mai zafi. Na saya duka biyu, ina ji da kaina, na huta da risho. To kin san halin wutar unguwar nan, yanzu ma da sauƙi. Sai in wanke kai, ina zaune da tawul, in ji yara a waje sun ɗauki ihu an kawo wuta. In zabura kamar wadda aka tsikara. Kafin su ɗauke, dole in gama. In murɗa handiraya har ƙarshe, in kafa ta wuri guda har fatar kaina ta yi zafi. Gashi bai gama bushewa ba, in ce ai ƙarfen zai ƙarasa busar da shi. In ɗebi gashi cike da hannu in matse, bai miƙe ba, in sake bi, in sake bi. Wani lokaci ma wutar ta zo da ƙarfi har fanka na gurnani, ni ko a jikina.

Ke ma haka kike yi, kada ki musa. Sau nawa ina kicin in ji an kawo wuta, in ji ƙafarki dididi zuwa ɗaki? Walida, gashi mai laima da ƙarfe mai zafi ba sa haɗuwa. Ruwan da ke cikin silin tafasa yake yi, ya fasa shi daga ciki. Ba za ki gani a ranar ba, ranar kyau ma zai yi miki. Sai an kwana biyu ki ga yana kakkaryewa a mataji, ki ce wai canjin ruwa ne ko mayya ce ta taɓa ki. Babu wata mayya.

Ki bar gashi ya bushe ƙarau, ki sa yatsa har gindinsa ki ji babu sanyi. In da handiraya za ki busar, ki sa ta a tsaka-tsaki, ki nisanta ta da kai, hannunki na yawo. Shi kuma ƙarfen, wannan ɗan abin murɗawa da ke jikinsa ba ado aka yi shi ba. Ki fara daga ƙasa. In ya miƙar a nan, ki tsaya a nan. Kafin ya taɓa kanki, ki matse farin ƙyalle da shi. In ƙyallen ya canza launi, to ya yi zafi da yawa. Ki raba gashin ƙanana-ƙanana, ki bi kowane sau ɗaya ki wuce, kada ki tsaya a wuri guda kina kallon waya. Kuma ki riƙa goge bakin ƙarfen in ya huce. Naki na duba shi, har ya yi baƙin ƙanzo kamar gindin tukunya, haba Walida, ƙazanta har a nan? In wuta ta ɗauke kina tsakiyar aiki, ta ɗauke. Ki yi kalaba ki ɗaura ɗankwali, ba wanda zai kama ki.

Yanzu ga babbar, wadda ita ce ta cinye min gaban kai, kuma ita ce na ga kin gada ba tare da kowa ya koya miki ba.

Sai in ɓata rabin ranar Asabar ina miƙar da gashi, ya kwanta, in yi ta juyi gaban madubi. La'asar ta yi, in je alwala, in shafi kai. Kin san inda hannu ke fara sauka, gaban kai. Kafin in idar da sallah, gashin goshi ya sha ruwa ya murɗe ya koma yadda Allah Ya yi shi, na baya kuma yana nan a miƙe. Sai in ga abin ya yi min wani iri. In ce bari in ɗan taɓa gaban kawai, ai ba duka kan ba ne. In jona ƙarfe in bi. Magariba ta yi, in sake alwala, in sake ɗan taɓawa. Da safe kafin in tafi ofis, bayan Asuba, in sake. Na baya yana ganin wuta sau ɗaya, na gaba kuwa kullum, kuma kullum da laimar alwala a jikinsa. Alhali duk kan mace babu gashi mai rauni kamar na goshi da gefen kunne. Shi ne siriri, shi ne ɗankwali ke gogawa, shi na zaɓa na yi ta gasawa.

Inna ta zo mana daga Zariya wani lokaci ta kama ni ina yi. Ta tsaya bakin ƙofa da carbinta ta ce, "Ke Dije, wai me kike yi haka?"

Na ce, "Inna, gyara nake, alwala ta ɓata min gaba."

Ta ce, "Alwalar ce ta ɓata? To ai sai ki zaɓa, don ita dai ba za ta fasa zuwa ba." Ta matso ta kama haɓata ta juya kaina wajen haske, ta sa ɗan yatsa a gefen hagu. Ta ce, "Nan ya fara buɗewa. Ki bar shi ya huta."

Na yi dariya, Walida. Na ce a raina tsohuwa ba ta san zamani ba. Na ce mata, "To Inna." Kin ji inda "to Mama" ɗinki ya samo asali.

To ni ma yanzu ina tsaye a bakin taki ƙofar. Na sha jin ƙaurin nan bayan La'asar, na sha jinsa bayan Magariba. In leƙo ki ce, "Gaban kawai nake ɗan taɓawa." Har kalmomin iri ɗaya! Abin da ya fi ba ni haushi, wa ke ganin gashin nan? Ki ƙona shi, ki ɗora hula, ki ɗora hijabi har gwiwa, ki fita. Ni a lokacina ma da ɗan dalili, ana tura ɗankwali baya. Ke fa? Don ki ɗauki hoto a ɗaki ki tura wa ƙawayenki su ce masha Allah? Su ne za su ara miki goshi in naki ya ƙare?

Kada kuma shaiɗan ya raya miki ki riƙa shafar kai sama-sama, ko ki riƙa matse alwala tun Azahar har Isha'i kina fama da kanki don kada gashi ya taɓa ruwa. Na ga masu yin haka, kuma na fi jin tsoron wannan a kan sanƙo. Ki yi alwalarki cikakkiya yadda aka koya miki. In gaban ya murɗe, ya murɗe. Ki bari ya sha iska, ki shafa ɗan man kaɗe a yatsa, ki kwantar da shi da hannu, ki ɗaura ɗankwali mai santsi na ɗan lokaci, zai kwanta daidai gwargwado. In bai kwanta ba ma, naki ne, ba na aro ba. Ƙarfe dai ya gama aikinsa tun ranar farko, ba zai sake komawa kan ba sai an sake wanki, an huta, an yi makonni.

Kuma ki sani, inda aka tura ki ba Kaduna ba ce. Abbanki ya yi aiki a can kudu, ya ce ko ba a yi ruwa ba iskar kanta a jiƙe take, wanki ma sai ya wuni bai bushe ba. To can ba alwala kaɗai za ta mayar miki da gashi ba, fita tsakar gida ma ya isa. In kika ce za ki yi jayayya da iskar garin, kullum kina bi da ƙarfe, wallahi kafin ki gama bautar ƙasar nan kin gama da kanki. Ki ajiye shi don biki ko Sallah. Sauran ranaku ki yi kitso.

In miƙewar kike so, ai akwai hanyar da ba ta buƙatar wuta ko masu wuta. Kitson zare. Na san za ki taɓe baki ki ce na 'yan ƙauye ne, na 'yan firamare. To ki taɓe. Ki wanke kai, ki bari ya sha iska, ki raba shi gida-gida, ki naɗe kowane da zare daga gindi har baki, ba da ƙarfi ba, ki kwana da shi ƙarƙashin hula. In kin warware za ki ga ya miƙe ya yi laushi, kuma ko sili ɗaya bai ƙone ba. Wa zai san da zare kika kwana? Na sa miki zaren a ƙullin, da karkashi, da man kaɗe mai kyau na wajen matar nan ta Kawo, da huluna biyu masu santsi. Waɗancan hulunan naki masu roba da ke shata miki layi a goshi, ki zubar da su. Gashin da wuta ta raunana, roba ce ke ƙarasa shi.

Wauta ta ƙarshe ita ce ɓoyewa. Da na ga gefen hagu ya buɗe da gaske, maimakon in tsaya, sai na shiga dabara. In jawo gashin tsakiya in miƙar da shi sosai in kwantar a kan wurin. Kin ga an ƙara wuta ke nan. In je kitso in ce a ja min gaban da kyau, a kama har 'yan ƙananan, don ya yi tsaf. In dawo gida ina shan maganin ciwon kai, ƙuraje sun feso a goshi, ina cewa kitso ya yi kyau. Da abin ya ƙi, na bi masu magani. Babu abin da ban shafa ba. Wata ta ce albasa, na yi ta warin albasa har Abbanki ya koma kwana a falo. Wata ta ce tafarnuwa da man zafi, fatar ta saɓule. Wani mai magani a mota da lasifika ya rantse min gashi zai fito ko a tafin hannu ne. Sai da na gama zagayena kaf, sannan na je wajen likitar fata. Ta duba da fitila, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Hajiya, da kin zo tun wurin yana da ɗan gashi-gashi, da an yi wani abu. Yanzu fatar ta riga ta shafe."

Na ce, "Likita, ko allura babu?"

Ta ce, "Sai dai mu tsare wanda ya rage."

Saboda haka in kin ga wuri ya fara buɗewa, ba rufewa za ki yi ba, tsayawa za ki yi. Ki daina wuta gaba ɗaya, ki daina kitso mai ja, ki gaya wa mai kitso ta bar miki 'yan gaban nan, kada ta kama su ko da za ta ce aikinta bai yi kyau ba. In tana ja kina jin zafi, ki buɗe baki ki yi magana, kanki ne ba nata ba. Bakin gashin da ya tsage kuma ki datse shi, kada ki tsaya tausayin tsawo, don tsagewar hawa take yi. In an kwana biyu ba ki ga canji ba, ki nemi likita tun da wuri, ki rabu da albasa.

Kin tuna Lami mai kitso ta Hayin Banki, wadda nake kai ki wajenta kina ƙarama kina ihu? Shekara da shekaru ita ke min kitso. Mace ce mai surutu, in ta kama kanka sai ka ji labarin unguwa kaf, wa ya yi aure, wa ya yi yaji. Zuwana na ƙarshe, na zauna a tabarma na zame ɗankwali, tana cikin ba ni labari ta sa tsinke za ta tsaga. Sai na ji yatsunta suna lalube a gaban kaina, suna neman abin kamawa. Ta lalubi hagu, ta lalubi dama. Sai labarin ya tsaya. Baiwar Allah, ta dai matsa baya ta fara daga inda ta samu. Ga mata zaune suna jiran layi, kowa ta kau da kai tana duba wani abu. A haka ta gama. Na ɗaura ɗankwalina na yi sallama. Tun daga ranar ni nake yi wa kaina kalaba a ɗaki, ƙofa a rufe. Kin sha tambayata me ya sa na daina zuwa, ina ce miki layi ne ya yi yawa.

Za ki ce Mama duk wannan a kan gashi, sai ka ce wani ciwo. Na sani, ba ciwo ba ne, ba a mutuwa da shi. Na yi aikina na yi ritaya, na haife ku na raine ku, Abbanki bai taɓa buɗe baki ya goranta min ba ko da wasa. Amma ni na san abin da nake ji in ana biki mata sun cika ɗaki, ana zafi, kowa ta cire ɗankwali tana fifita, ni ina zaune da nawa ina gumi ina cewa ai ni ba na jin zafi. Yana damuna, Walida. Har yau yana damuna, kuma ba na so ki san irin wannan damuwar.

Da safen da za ki tafi, da Abbanki ya tayar da mota zai kai ki tashar Mando, kika dawo kika durƙusa a gabana in sa miki albarka. Na ɗora hannu a kanki na fara addu'a. Hularki ta ɗan zame, babban yatsana ya sauka a gefen hagu, sama da kunne kaɗan. Na ji fata, Walida. Wurin bai fi faɗin yatsan ba, amma na ji ta. Kika ji na yi shiru, kika ɗago kika ce, "Mama, kuka kike? Shekara ɗaya ce fa." Na ce miki eh, tafiyar ce. Kika yi dariya kika rungume ni kika fita da gudu, ni kuma ban ƙarasa addu'ar ba.

Amma na shafa wurin da kyau kafin in ɗauke hannu. Bai shafe ba. Akwai ɗan gashi-gashi a kai, laushi kamar na jariri. Irin wanda likita ta ce da na zo da shi. Naki yana nan da rai, kuma daga yau zuwa ranar da za ki dawo, ko ya cike ko ya tafi, a hannunki yake. Ni dai ba ni da wani gaban kai da zan ba ki.

Ga sauran addu'ar da na riƙe miki. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya kare ki daga abin da kike gani da wanda ba ki gani. Allah Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya ba ki lafiya da kwanciyar hankali, Ya sa ki fi ni jin magana. Ya dawo min da ke gida lafiya, ki zauna a gabana ki zame ɗankwalinki ba tare da kin duba ko akwai mai kallo ba. Amin.

Ki gaishe da abokan zamanki. Ki riƙe sallah a kan lokaci, ki riƙa cin abinci. In kin karanta, kada ki kira ni ki ce "to Mama". Ki zare ƙarfen daga soket tukuna.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Hadiza.